Jika ɗari da kujerun zauren kiɗa: ina ƙanena zai zauna?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi, ina ba da hayar lasifikoki da kayan sauti wurin biki da taro. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, yana karatun aikin sauti a Paris, shekararsa ta biyu ke nan, yana da shekara 24. Malaminsu ya ce musu duk mai son kunnensa ya nuna sai ya riƙa zuwa yana jin babban orkes na Turawa, irin wanda ake kaɗawa ba mikro ba lasifika. Ya turo mini hoton taswirar zauren Philharmonie, kujerun kala-kala, kowace kala da kuɗinta. Yana son abonma, wato sayen tikitin wasanni da yawa a dunƙule, na wasa takwas, a kujeru masu tsada kuma kusa da dandamali, kuɗin ya kai wajen jika 250. Abin da zan iya jika 100 ne, shi ma sai na matse. Ba na son in kashe masa gwiwa, ba na kuma son in ci bashi. In na ce ya sayi na baya, ban cuce shi ba?

Wani yaya daga unguwar Zariya, Maraɗi

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alherin zumunci. Ba ka cuce shi ba, kuma kada ka ci bashi a kan wannan. Jika 100 ta isa, in dai an san inda za a sa ta.

Mu fara da lissafi. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya hawa ba ya sauka. Jika 100 ɗinka, wato sefa dubu ɗari, yuro 152 ke nan. Cire ladan masu turawa, ka riƙe 145 a ranka. In aka raba gida takwas, kowane dare yuro 18. In gida shida, yuro 24. Abin da ƙanenka ya nema kuwa, jika 250, ya kama yuro 381, wato kusan 48 kowane dare. To me yuro 48 zai ba kunnensa wanda yuro 18 ba zai ba shi ba? A zauren da ya turo maka hotonsa, abin bai taka kara ya karya ba. Masu zaure suna yanka kuɗin kujera ne bisa abin da ido zai gani da daɗin zama da kusanci da manyan baƙi. Sauti ba ya bin wannan tsari sau da kafa, shi kuwa yaron kunne aka aike shi ya gyara.

Kai da kanka ka fi kowa sanin wannan a wurin aikinka. Wanda ya zauna gindin lasifika a wurin biki ƙara yake ji, ba kiɗa ba. Shi ya sa in kana saita kaya kake takawa can tsakiyar fili ko baya, ka tsaya, ka ɗaga wa yaronka hannu ya ƙara ko ya rage. Orkes ma haka yake, sai dai lasifikokinsa mutane ne, tamanin zuwa ɗari, an baza su a dandamali mai faɗi. A tsarin da aka fi yi, masu ƙananan gogen Turawa suna hagun mai kallo, manyan goge masu kaurin murya suna dama, masu sarewa da algaitar Turawa suna tsakiya, bayansu masu ƙaho da kakaki, can ƙurya kuma tambura da sauran kayan bugu. Madugun makaɗa yana tsaye a gaba da sandarsa, ya ba ƴan kallo baya. Wanda ya zauna layi na ɗaya ko na biyu, dandamalin ya fi shi tudu. Takalman masu goge zai yi ta kallo, wuyansa a ɗage na sa'a biyu. Gogen da ke kusa da shi zai ji har da ƙaiƙayin gashi a kan tsirkiya da jan numfashin mai kiɗan, masu busa na baya kuwa ko ganinsu ba zai yi ba, sautinsu zai wuce ta saman kansa. Zaure da yawa suna rage kuɗin waɗannan layuka na farko, kuma ragin ba kyauta ba ne, sun san abin da suke sayarwa. Saboda haka maganar "kusa da dandamali" a ajiye ta gefe tun yanzu.

Abin da ke haɗa kiɗan ya zama abu guda shi ne ginin kansa. Sauti yana zuwa wa mai saurare kashi biyu: wanda ya taho kai tsaye daga kayan kiɗa, da wanda ya bugi bango da rufi ya dawo. A zaure mai kyau, in makaɗa suka tsaya cak, amon yana ɗaukar wajen daƙiƙa biyu kafin ya mutu. A fili buɗaɗɗe kowane ninkin nisa yana cin ƙarfin sauti sosai, shi ya sa kake ƙara lasifika a baya in taro ya yi tsawo. A cikin zaure wannan amo mai dawowa ne ke cike gurbin, har na baya ya ji kusan da ƙarfin da na tsakiya ke ji. Wurin da kashi biyun suka fi daidaita shi ne tsakiyar kujerun ƙasa da layukan farko na bene na ɗaya, kuma nan ne kuɗi ya fi tsada, ba gardama. Amma wurin da ke bi masa a kyawun sauti sau da yawa yana can bene na sama, daidai tsakiya, fuska da fuska da makaɗa, inda rufi yake kusa yana turo sautin ƙasa. Waɗannan kujeru suna cikin masu araha don kawai mutane na ƙaramin gani daga can, kuma akwai hawa.

A Philharmonie ma "nesa" ba nesa ba ce. An buɗe zauren a Janairun 2015, Jean Nouvel ya zana shi, yana cin mutum 2,400, amma an kewaye dandamalin da benaye ta kowane gefe, irin salon da zauren Barlin na 1963 ya fito da shi. Kujerar da ta fi kowace nisa mita 32 ce daga madugu. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, ke nan jinkirin da ke tsakanin saukar sandar mai tambari da isowar dukan kunnen na can ƙarshe wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne kawai. Mai lura zai gane shi, kuma ɗalibin sauti ma ya kamata ya gane shi, amma ba ya ɓata komai.

Ga inda ake faɗawa rami. Akwai kujeru masu araha, wasu ma masu matsakaicin kuɗi, da ke ƙarƙashin bene, wato bene na sama ya yi musu rumfa. A taswira suna da kyau: suna ƙasa, suna tsakiya, ba hawa. Amma rumfar tana tare amon da ke saukowa daga rufi, sai kiɗan ya zo a daƙushe, kamar rediyon da ke ɗakin maƙwabci. Masu zana zaure suna da ƙa'ida a kan haka: zurfin rumfar kada ya wuce tsayin bakinta. Shi mai saye abin da zai yi ya fi sauƙi. In ya zauna ya ɗaga kai bai ga babban rufin zauren ba, sai silin kusa da goshinsa, to wurin ba na mai koyon sauti ba ne. Layi biyu ko uku na bakin rumfa ba laifi. Daga nan zuwa bango a bar wa wasu. Hoton taswirar da ya turo maka a shimfiɗe yake, ba zai nuna wannan ba. Sai ya duba a kan wane layi na ƙasa bakin benen ya tsaya, ko ya tambayi masu sayar da tikiti baki da baki. Wannan tambaya ce da suka saba amsawa.

Kujerun gefe kuma ciniki ne, a ba ka wani abu a karɓe wani. Wanda ya zauna can gefe ɗaya zai fi jin makaɗan da ke kusa da shi, kuma in benen ya yi tudu, kusurwar dandamalin da ke ƙarƙashinsa za ta ɓuya. In ya ga an rubuta "visibilité réduite" a jikin kujera, ma'anarsa ba a ganin wani sashe. Wani lokaci ƙarfen kariya ne kawai ke gilma ido, wani lokaci kashi ɗaya cikin uku na makaɗan ne babu. A daren da akwai mai fiyano, gefen hagu ake rububi, don daga can ake ganin yatsu. Gefen dama ba a ganin yatsun, amma sautin bai ragu ba ko kaɗan, masu sani da yawa ma can suka fi so. Mai neman araha don kunne sai ya nufi dama ya bar wa masu kallon hannu hagu.

Sai kujerun bayan dandamali, waɗanda muke son ka ja hankalinsa gare su, don su ne abin da zaure irin wannan ke da shi wanda tsofaffin zauruka da yawa ba su da. Mai zama nan yana bayan makaɗa, yana fuskantar madugu. Kuɗinsu ƙasa yake saboda kiɗan yana zuwa a juye. Tambura da kuge suna gabansa, taku kaɗan. Ƙahon nan mai nannaɗe bakinsa baya yake kallo, don haka kai tsaye cikin kunnensa zai zuba. Kakaki kuwa gaba yake harbawa, goge yana can nesa, sai daidaiton da madugu ya gina don mutanen gaba ya karkace. In akwai mai fiyano, murfin a buɗe yake wajen ƴan kallon gaba, na baya ragowa yake samu. In mawaƙi ne ko mawaƙiya, abin ya fi muni, don murya inda baki ya dosa take zuwa. To amma duba abin da ake samu: fuskar madugu, yadda yake ɗaga gira ya shigo da masu sarewa, yadda yake kwantar da hannun hagu ya danne masu ƙaho, yadda mai tambari ke kwantar da kunne a kan fata yana gyara ta a tsakiyar kiɗa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kakaki da tambari a ƙofar fada ranar hawan salla ya san bambancin jin da ake yi a gindinsu da wanda ake yi daga tsallaken fili, kuma ya san kowanne akwai abin da yake koyarwa. Ga wanda gobe zai dasa mikro a tsakanin waɗannan kaya, dare biyu a baya karatu ne. Dare takwas a baya kuwa zai gurɓata masa ma'auni. Ya zaɓe su a daren da orkes ne zalla, ba fiyano ba waƙa. Ya kuma sani cewa daren da ake buƙatar rundunar mawaƙa, kamar simfoni ta tara ta Beethoven, a waɗannan kujeru ake jera su, ba a ma sayarwa.

Wannan duka ya kai mu ga kuskuren da ke cikin tsarin ƙanenka, wanda ya fi maganar kuɗi. Yana son wuri ɗaya sau takwas. Abonma irin na zaurukan Paris yawanci ba kujera guda ake ɗaure ka da ita ba: kai ke tsinto wasannin da kake so daga jerin shekara, in sun kai adadin da aka gindaya a rage maka wani kaso, kuma kowane dare kana iya ɗaukar ajin kujera daban. Attajirin da ya zo hutawa shi ke neman wuri guda ya saba da shi. Ɗalibi yawo ya kamace shi, ya ji orkes ɗaya daga sama, daga gefe, daga baya, ya gane abin da gini ke yi wa sauti.

Kafin ma a kai ga abonma, akwai shekarunsa. Philharmonie tana da rangwame na musamman ga ƴan ƙasa da shekara 28, shi kuwa 24 gare shi. Muna zargin farashin da ya turo maka na manya ne, ko bai duba ba ko ya ɗauka rangwamen ba ya shafar baƙi. Shekaru ake dubawa, kuma ana iya neman takardar shaida a ƙofa, don haka ya riƙe katinsa. Abin da zai bincika shi ne sharuɗɗan bana: wasanni nawa rangwamen ya shafa, ko shi zai zaɓi kujera ko su za su ba shi, da ranar da ake buɗe sayarwa, don kujerun matasa ƙidayayyu ne kuma ba sa kwana. In su ne ke zaɓar masa wuri, ba abin damuwa ba ne, mun riga mun ce yawo muke so. Ya kuma tambaya a makarantarsu, makarantun kiɗa da sauti kan sami tikitin ɗalibai ko izinin shiga gwajin ƙarshe da makaɗa ke yi kafin ranar wasa.

Abu na gaba da ke hawar da kuɗi shi ne su wa ke kaɗawa. Kujera ɗaya, lamba ɗaya, kuɗinta na iya ninkawa in manyan baƙi ne daga Barlin ko Biyana ko Amurka. Orkes na gida, Orchestre de Paris, wanda aka kafa a 1967 kuma nan ne mazauninsa, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ba ƙanana ba ne a duniya. Akwai kuma Orchestre national d'Île-de-France da ke wasa a zauren, shi ma da sauƙi. Ya gina jerinsa a kan na gida. Ya lura da sunan ɗakin da ke jikin tikiti, don a harabar akwai ƙaramin zaure na Cité de la musique, kuma ana sayar da wasanninsu tare. Babban shi ne mai sunan Pierre Boulez. Ya kuma gauraya girman kiɗan: dare ɗaya na Mozart, inda makaɗa ba su fi arba'in ko hamsin ba, dare ɗaya na Mahler, inda suke haura ɗari. A na farko zama can ƙololuwa yana sa kiɗan ya yi siriri, gara ya sauko. A na biyu saman ne ma daidai.

In ya leƙa wasu zauruka, ƙa'idar tana ɗan sauyawa. Zauren gidan Radio France, wanda aka buɗe a 2014, mutum 1,461 yake ci, shi ma a kewaye, don haka mai araha ma kusa yake. Théâtre des Champs-Élysées kuwa ginin 1913 ne, benayensa a lanƙwashe suke suna kewaya ɗakin, kuma a irinsa kujera mafi araha ta gefe tana iya zama wadda ba a ganin dandamali sai an miƙe. Can kada ya sayi ta ƙarshe a jeri sai ya karanta gargaɗin da ke jikinta.

Tikiti mafi tsada shi ne wanda aka biya ba a je ba, kuma nan ne abonma ke cin mutane. Kakar tana farawa a Satumba ta ƙare a Yuni, ana buɗe sayar da abonma tun watanni kafin nan, sai mutum ya zaɓi daren Fabrairu alhali bai san abin da zai same shi ba. Ya ɗauko kalandar makaranta ya soke makonnin jarabawa. Ya duba azumi, wanda a shekarun nan yake faɗowa wajen Fabrairu da Maris: ana fara wasa da ƙarfe 8 na dare, a shafe wajen sa'a biyu da hutun minti ashirin a tsaka, ke nan ya ci lokacin asham ɗungurungum. A Mayu da Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai bayan 9, magariba za ta riske shi a ciki. Wasannin ranar Asabar ko Lahadi da rana sun fi masa a waɗannan watanni. Wanda ya makara kuma ba a buɗe masa ƙofa sai an kai gaɓa, wani lokaci sai hutu, kuma ba lallai a kai shi kujerarsa ba. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Porte de Pantin, layi na 5, tana bakin wurin, amma hawa zuwa benen sama kaɗai yana cin mintuna, ya iso da rabin sa'a a hannu. Kafin ya biya ya karanta ko ana musanya rana da abin da ake cirewa. Zauren yana da nasa dandalin sake sayar da tikiti a intanet. In uzuri ya taso ya sa nasa a can, in kuma yana neman daren da aka ce ya cika ya leƙa can, ya rabu da ƴan bumburutun da ke sayarwa a Facebook.

Ga yadda za mu raba kuɗin da a hannunmu suke. Kada ka tura jika 100 a dunƙule. Tura jika 25, wajen yuro 38, ya sayi tikiti biyu ɗaiɗai na orkes na gida, ɗaya a tsakiyar benen sama, ɗaya a bayan dandamali. A lokacin hutu, da mutane sun fita shan iska, ya zagaya ya tsaya a ƙarƙashin rumfa, ya zauna minti ɗaya a kujerun gefe, ya rubuta lambar layi da ta kujerar duk inda ya ga ya dace. Akwai hasara a wannan jinkiri, ba za mu ɓoye maka ba: masu abonma na farko suna kwashe kyawawan kujeru masu araha. Amma gara ya rasa wasu da ya ɗaure kansa dare shida a wurin da bai taɓa zama ba. Bayan nan sai ka tura jika 75, wajen yuro 114, ya yi abonma na dare biyar ko shida: uku ko huɗu a tsakiyar sama, ɗaya a baya, ɗaya a gefen dama daren fiyano. In rangwamen matasa ya kama, kuɗi za su yi saura. Da saurar ya sayi kujera ɗaya tak ta aji na farko, tsakiyar ƙasa, wajen layi na goma zuwa sha biyar, a daren babban kiɗa. Wannan ita ce za ta zama ma'auninsa, da ita zai auna sauran.

Wajen gaya masa kuma, kada ka fara da "ba ni da shi", don zai ji kamar ya ɗora maka nauyi ya yi shiru, ya fasa gaba ɗaya. Yi masa magana a matsayin wanda ya riga shi shiga sana'ar. Tambaye shi ina yake tsayawa in yana saita sauti a fili, gindin lasifika ko tsakiyar jama'a. Ka kuma ɗora masa sharaɗi ɗaya: bayan kowane dare ya turo maka saƙon murya ta WhatsApp, ya faɗi lambar kujerar, abin da ya fi fitowa, abin da ya nutse, da inda zai sa mikro da shi aka ba aikin. In saƙo biyun farko sun zo da bayani mai ma'ana, tura ragowar jika 75 ɗin.